Babi na 7: Ruwan Bohol, Fuloraid da Ciwon Maƙoƙo

Ku ɗora yatsu biyu a gaban wuya, ƙasa kaɗan da ƙashin maƙogwaro, ku haɗiyi yawu. Abin nan da ya yi sama ya dawo, a jikinsa wani ɗan nama yake manne, mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na kiransa tayirod. A jikin babban mutum nauyinsa giram 15 zuwa 25 ne, ba a ganinsa, da ƙyar ma ake jinsa da hannu. Ranar da ya kumbura ya fito fili, sunansa maƙoƙo. Wannan babi zai duba zargin da ake yi cewa sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan sha yana raunana tayirod.

Aikinsa shi ne iza wutar jiki. Yana haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, ya zuba su cikin jini, su kuma su tsara gudun bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, al'adar mata da girman ƙwaƙwalwar jariri. Lambobin 4 da 3 ba ado ba ne, yawan ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowane. Aidin shi ne sinadarin nan da ake sawa a gishirin ci, in babu shi, babu aiki. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan nama kamar ƙwayar wake, shi ke aika wa tayirod saƙo mai suna TSH. Idan aiki ya yi sanyi sai ya ƙara yawan aike, kamar uwar gida da ke ta ƙwala wa yaro kira don ya yi nawa. Saboda haka idan takardar gwaji ta nuna TSH ya hau, ma'anarsa tayirod ya yi ƙasa. Mutane da yawa na karanta wannan a baibai.

Daga ina fuloraid ke shiga jiki

Fuloraid sinadari ne da ke cikin dutse da ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, don haka ruwa na iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da shi da yawa. Ɗan kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa, shi ya sa birnin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, wasu ƙasashe suka bi sahu. Ma'aunin da hukumar lafiyar Amurka ta ba da shawara a kai a 2015 shi ne miligiram 0.7 a lita ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita, kuma wannan lambar ce ke cikin ma'aunin ruwan sha na Najeriya.

Mu a nan, wanda ya shafe mu shi ne wanda dutse ke zubawa da kansa. Yawancin ƙasar jihar Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ake gani ya fito fili a Kajuru, Kufena da Kagoro. Ruwan da ya daɗe kwance cikin tsagar irin wannan dutse yana iya narkar da fuloraid ya ɗauko. Ruwan kogi da ruwan sama ba su cika ɗauke da shi ba, bohol mai zurfi ne abin lura. Wani bincike da aka buga a 2009 kan ruwan sha a faɗin Najeriya ya samu cewa a fiye da rabin ƙananan hukumomin da aka auna, fuloraid bai wuce miligiram 0.3 a lita ba. Amma akwai wuraren da aka san su da yawansa, kamar Langtang a Filato, Kaltungo a Gombe da Zing a Taraba. Abin da ke rikita mutane shi ne bohol biyu a layi ɗaya na iya bambanta, domin kowanne da tsagar dutsen da ya faɗa. Sakamakon gwajin maƙwabci ba naku ba ne.

Bayan ruwa sai shayi. Itacen shayi na zuƙo fuloraid daga ƙasa ya tara a ganye, tsohon ganye ya fi sabon toho tarawa. Lita ɗaya ta dafaffen shayi na iya ɗaukar daga miligiram 0.3 har sama da 6, gwargwadon ganyen, ruwan da aka dafa da shi, da daɗewarsa a wuta. Kofi ɗaya ko biyu a teburin mai shayi ba abin damuwa ba ne. Wanda ke yini da buta a kan gawayi, yana tafasa ganye har ya yi baƙi ƙirin, shi ya kamata ya yi lissafi. Zoɓo, kunun zaƙi da shayin citta ba daga wannan itacen suke ba, abin da ke cikinsu galibi na ruwan da aka haɗa su da shi ne.

Sai kanwa. A Tanzaniya akwai 'yar'uwarta da ake kira magadi, ana sa ta a girki kamar yadda muke sawa a wake da miyar kuka, kuma an tabbatar tana ɗauke da fuloraid mai yawa har tana ɓata haƙoran yara a ƙauyukan da ruwansu ba shi da laifi. Ƙarfin kanwa ya danganta da inda aka haƙo ta. Ɗan ƙiris a miya ya isa. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego safe da yamma kuwa, dama likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan shansa da ciwon zuciya bayan haihuwa, don haka ragewa riba biyu ce.

Fuloraid da aka haɗiya yawancinsa na shiga jini. A jikin babba, kusan rabi na maƙalewa a ƙashi da haƙori, sauran ƙoda ta fitar a fitsari. Yaro ƙarami ya fi riƙewa saboda ƙashinsa na kan ginuwa, mai ciwon ƙoda ma haka saboda hanyar fitarwa ta raunana.

Abin da bincike ya nuna game da tayirod

Zargin cewa fuloraid na taɓa tayirod ba sabo ba ne. Tun wajen 1920 har zuwa shekarun 1950, wasu likitoci a Turai da Kudancin Amurka sun riƙa ba da fuloraid a matsayin magani ga waɗanda tayirod ɗinsu ya yi aiki fiye da kima, don ya lafa. A wani rahoto na 1958, an ba marasa lafiya 15 miligiram 2 zuwa 10 a rana, shida suka samu sauƙi. Daga baya aka bar shi da aka samu magungunan da suka fi shi. Tambayar da ta rage ita ce: abin da ke iya kwantar da tayirod mai zafi, me yake yi wa mai lafiya?

A 2006 wani kwamitin masana na ƙasar Amurka ya duba binciken da ake da shi a lokacin. Ya ce an ga alamun taɓuwar tayirod a mutanen da ke samun miligiram 0.05 zuwa 0.13 na fuloraid a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, idan aidin ya wadace su. Idan kuwa aidin ya yi musu ƙaranci, ana ganin alamun tun daga 0.01 zuwa 0.03. Wato mai ƙarancin aidin, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da wani zai jure ya isa ya taɓa shi. A duk babin nan babu lambar da ta fi wannan amfani.

A 2015 aka duba bayanan asibitocin unguwa kusan 8,000 a Ingila, aka ga yankin Bamingam da ake zuba fuloraid a ruwa ya fi yankin Manchesta da ba a zubawa yawan masu raunin tayirod. Labarin ya yi ta yawo, amma masana sun soke shi, domin ba a auna aidin ɗin kowa ba, ba a kuma san yawan ruwan da kowane mutum ke sha ba. A Kanada, wani nazari na 2017 bai ga wata alaƙa ba a cikin jama'a gaba ɗaya. A 2018 wasu suka ware masu ƙarancin aidin daban, sai ga shi a cikinsu TSH na hawa yadda fuloraid ke hawa a fitsari. A 2024 kuma wasu masana a Italiya suka tattara nazarce-nazarce da dama wuri guda, suka ga TSH ba ya motsi idan fuloraid na ruwa kaɗan ne, sai ya kai wajen miligiram 2.5 a lita yake fara hawa.

Za ku ji ana cewa fuloraid na shiga tayirod ya kori aidin ya zauna a gurbinsa, wai don 'yan gida ɗaya ne. Gaskiya ne danginsu ɗaya a ilimin sinadarai, amma tayirod ba ya zuƙar fuloraid yadda yake zuƙar aidin. Abin da gwaji a kan dabbobi ya fi nunawa shi ne, idan ya yi yawa yana dagula sinadaran jiki da ke shigar da aidin ciki, da waɗanda ke juya T4 ya koma T3, wanda shi ne mai aikin gaske.

A ganinmu, ga inda maganar ta tsaya. Gidan da ruwansa ke ƙasa da 1.5 kuma ana cin gishiri mai aidin, babu hujja mai ƙarfi da za ta sa a tayar da hankali. Ruwan da ya haura 1.5 a nemi mafita, wanda ya kai 2.5 ko fiye kada a jinkirta. Mai ciki da jariri a nema musu mafi ƙaranci, domin a watanni ukun farko ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki, da sinadarin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Kuma kada a ɗora wa fuloraid kowane maƙoƙo. Ƙarancin aidin ne kan gaba a duniya, sai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta cinye tayirod ɗin da kanta.

Lissafi

Lamba a takarda ba ta isa ba, sai an haɗa da yawan shan. Ga lebura mai nauyin kilo 60, yana aikin gini a zafin Maris da Afrilu, yana shan lita 4 a rana. Idan ruwan na da miligiram 3 a lita: 3 sau 4, miligiram 12. A raba 12 gida 60, an samu 0.2 a kan kowane kilo, ya zarce duk lambobin da muka kawo a sama. Idan ruwan na da 0.3 ne: 0.3 sau 4, miligiram 1.2, a raba gida 60, an samu 0.02. Wannan ba komai ba ne ga mai wadatar aidin. Iyakar 1.5 ba ta san zafin garinmu ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce ƙasashe su duba yanayinsu da yawan ruwan da mutanensu ke sha.

Haƙoran yara su ne ɗan aike na farko. Fuloraid na taɓa haƙori ne lokacin da yake ginuwa cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara 8. Yana fitowa da farin zane kamar an goga alli, in ya yi tsanani ya koma ruwan ƙasa har da ƙananan ramuka, kuma a haƙoran dama da hagu daidai wa daida. Jan goro da na fure a saman haƙori suke, ana iya kankare su. Wannan a cikin haƙorin yake, ko an ƙarar da aswaki ba ya fita. Idan yaran gida ɗaya ko na layi ɗaya da suka taso da ruwan bohol guda duk suna da shi, a kai ruwan gwaji.

Yadda ake ɗibar ruwan: a samu robar ruwa mai tsabta ta rabin lita ko lita ɗaya, ba kwalba ba, domin fuloraid na iya kama jikin gilashi. A bar famfon ya zuba na minti biyar, a ɗauraye robar sau uku da ruwan, a cika ta a rufe, a rubuta unguwa da kwanan wata. A faɗa wa masu gwajin a fili cewa fuloraid ake so, domin gwajin ƙwayoyin cuta daban yake. Ana iya neman bayani a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, ko RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha. Sakamakon zai zo da mg/L ko ppm, duk abu ɗaya ne. Gara a auna sau biyu, ƙarshen rani da tsakiyar damina, don lambar na iya sauyawa.

Idan ruwan ya yi yawa

Tafasawa ba ta cire fuloraid. Ruwa ne ke tashi a tururi, fuloraid ya zauna, abin da ya rage a tukunya ma ya fi na da ƙarfi. Maganin kilorin, tacewa da ƙyalle, da gawayin murhu duk ba sa cire shi. Amfaninsu a kan datti da ƙwayoyin cuta ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce raba ruwa gida biyu. Wanka, wanki, alwala da wanke-wanke a ci gaba da na bohol, domin fuloraid ba ya ratsa fata. Sha da girki kaɗai za a nema wa wani ruwan, wajen lita 5 ga kowane mutum a rana. Gida mai mutum takwas, jarka biyu ke nan. Da damina ruwan sama ya wadatar: rufin kwano mai mita 10 da mita 8, ruwan sama na milimita 20 zai ba da lita 1,600, ko an cire wanda ya zube za a tsira da sama da 1,200. A bar zubin farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a tara na baya a mazubi mai murfi, a tafasa ko a sa kilorin. Ana kuma iya surkawa: jarka ɗaya ta ruwa mai 3 da jarka ɗaya ta ruwan sama sun ba da jarka biyu masu 1.5.

Injin tacewa da ake kira RO na cire mafi yawansa, sai dai yana son wuta, yana zubar da ruwa da yawa, kuma in ba a sauya matatar a kan lokaci ba sai ya zama hoto. Masu sayen fiya wata su sani cewa yawancinsa daga bohol ne, lambar NAFDAC da irin injin kamfanin su ne abin tambaya. Akwai gawayin ƙashin shanu da ake ƙonawa musamman, yana kama fuloraid sosai, amma in bai ƙonu ba ruwa zai yi wari, in ya ƙone ya yi fari ƙarfinsa ya tafi, in ya ƙoshi kuma dole a sauya. A Indiya an ƙirƙiro hanyar Nalgonda da alif, wanda wasu ke kira alam, haɗe da farar ƙasa. Awon alif ɗin ya danganta da irin ruwan, sai ɗakin gwaji ya fitar da shi. Wanda ya zuba da ka, zai iya barin ruwan da tsami da ragowar alif a ciki.

Nonon uwa kusan babu fuloraid a cikinsa, ko da uwar na shan ruwa mai yawansa. Madarar gwangwani kuwa, abin da ke cikin ruwan da aka dama ta da shi duka jariri zai sha.

Makilin fa? A wani aji irin namu, tambayar kan zo kamar haka:

"Malama, to mu zubar da man goge bakin ke nan, mu koma wa aswaki?"

"A'a, Inna. Ba haɗiye shi ake yi ba, tofarwa ake yi. Jikokinki ne dai za ki tsaya a kansu."

Yawancin makilin na da miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane giram, ana rubuta 1000 ko 1450 ppm a jikinsa. Yaro ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba ya matsa masa da hannunsa, a ajiye inda ba zai kai ba, don wasu yaran lasarsa suke kamar alewa.

Gishiri

Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram. Babban mutum na buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, yaro ƙasa da shekara 6 kuma 90. Aidin ba ya son danshi, rana da zafi. Gishirin da aka baje a faranti a kasuwa ana aunawa da gwangwani, ko aka ajiye a buɗe kusa da murhu, ƙarfinsa na raguwa. A sayi na ƙulle a leda mai rubutun aidin, a juye a roba mai murfi, a sa a miya dab da saukewa. Kantun gishiri da balma na dabbobi ba madadinsa ba ne. Wannan ba izinin cika gishiri ba ne, ƙaramin cokali ɗaya a rana, wato giram 5, shi ne iyakar babba saboda hawan jini. Aidin na kwalba da ake shafa wa ciwo kuwa guba ne in an sha.

Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ya tsimu ba na hana tayirod ɗaukar aidin. Gero ma an gano yana da irin wannan hali a yammacin Sudan, inda ake dogaro da shi ga kuma ƙarancin aidin. Ba wanda zai ce a bar fura da kunu, a dai tabbatar da gishirin. Nono da kindirmo na taimakawa ta fuska biyu, suna da aidin, kuma sinadarin ƙashi da ke cikinsu na rage shigar fuloraid daga hanji.

Zuwa asibiti

Raunin tayirod a hankali yake zuwa, kuma ya fi kama mata. Kasala da ba ta jin hutu, jin sanyi ana tsakiyar zafi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, taurin bayan gida, bushewar fata, zubar gashi, dishewar murya, rikicewar al'ada, ɓari ko jinkirin samun ciki. Akasin haka, wato rama duk da ci, faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu da firfitowar ido, alamar ya yi aiki fiye da kima ne. Jaririn da shawara ta daɗe a jikinsa, ga yawan barci da rashin kama nono, a kai shi da wuri.

Gwajin jini na TSH ne ke raba gardama, yawanci lafiyayye na tsakanin 0.4 da 4.0. Manyan asibitoci kamar Barau Dikko a Kaduna da asibitin koyarwa na Shika na duba masu wannan ciwo. Ku tafi da takardar gwajin ruwanku in kuna da ita. Maƙoƙo ba a yi masa tsaga ko sakiya, manyan jijiyoyin jini ne kewaye da shi. Idan yana hana numfashi ko haɗiya, ko ya yi tauri yana girma da sauri, ranar za a tafi.

Wanda aka ɗora a kan ƙwayar levothyroxine, maganin raunin tayirod, ya sha ta da ruwa zalla, cikinsa babu komai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Shayi da madara na rage shigarta. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo a raba su da ita da awa 4. Da azumi a sha kafin sahur da irin wannan tazarar. Ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 don daidaita awo, kuma sauya ruwan sha ba dalilin ajiye maganin ba ne sai likita ya ce.

Aikin gida

1. Wata mata mai nauyin kilo 50 na shan lita 3 a rana daga bohol mai miligiram 2 a lita. Miligiram nawa take samu a rana? Nawa ke nan a kan kowane kilo?
2. Idan ta surka ruwan rabi da rabi da ruwan sama, nawa lissafin zai koma?
3. Ku kwafo abin da aka rubuta game da aidin a ledar gishirin gidanku, da lambar ppm da ke jikin makilin ɗinku, ku zo da su aji mako mai zuwa.